Yadda ake tsara sabuwar unguwa a ƙaramin gari tun kafin a soma yanka fegi

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya guda ce ake ta maimaita mani kwanan nan, daga Bodinga, daga Kware, Yabo, Gwadabawa har Illela: garinmu na ta cika, gonakin bakin gari kullum sai zama fegi suke yi, to ta ina za mu soma don kar gobe mu wayi gari babu hanya babu makabarta? Wasu masu tambayar 'yan ƙungiyar ci gaban gari ne, wasu magada ne da sunka gaji gona kusa da titi dillalai sun hana su sakat, wasu kuma na kusa da fada ne. Amsar ba ta yiwuwa a layi biyu, shi ya sa na zauna na jero matakan yadda suke bi da bi. Abin da nike so a riƙe tun farko shi ne, ranar da anka ja igiya a gona ranar anka yanke wa unguwa hukunci. Hanya da mafitar ruwa da filin jama'a su ake fara cirewa, abin da ya rage shi ne fegi. In an juya wanga tsari, gyara sai da rusau da gaba tsakanin maƙwabta.

1. Kafa kwamiti ƙarami

Kar ya wuce mutum goma zuwa sha biyu, in ya yi yawa zama ba ya yiwuwa. A sa wakilin uban ƙasa, hakimi ko wakilinsa, masu unguwannin da abin ya shafa, liman, mutum biyu daga masu gonaki, Ardo ko wanda Fulani sunka yarda da shi, mace guda ko biyu don su ne sunka san wahalar ruwa da nisan asibiti, matashi wanda ya iya waya da kwamfuta, sai jami'in filaye na ƙaramar hukuma. A sayi babban littafi mai bango mai kauri, duk zama a rubuta kwanan wata da waɗanda sunka zo da abin da anka yanke, kowa ya sa hannu ko ya dangwala.

Gargaɗi: dillalin fili a saurare shi, ya san gonakin fiye da kowa, amma kar a ba shi shugabanci kuma kar littafi ya kwana hannunsa. Mai cin la'ada a kan kowane fegi ba zai so a faɗaɗa hanya ba, wannan ba zagi ba ne, sana'arsa ce haka.

2. Ku san wa ke da iko da ƙasar

Dokar amfani da filaye ta 1978 ta sa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Yankin da anka ayyana a matsayin birni gwamna ke ba da izinin mallaka, wanda ba birni ba ƙaramar hukuma ke ba da izini irin na gargajiya. Don haka abin farko, ku tafi sashen filaye na ƙaramar hukuma da kuma ma'aikatar filaye a Sakkwato ku tambaya a rubuce, shin gonakin da muke magana suna cikin yankin birni ko a'a, kuma shin gwamnati ta taɓa karɓe wani sashe ko ta yi masa awo a baya? Garuruwan da ke manne da birnin Sakkwato irin su ɓangaren Wamakko, Dange Shuni, Kware da Bodinga su ne sunka fi buƙatar wagga tambaya, don birni ya riga ya taɓo su.

Gargaɗi: dokar nan ba ta yarda mai gona ya yanka ta fegi-fegi ya sayar da kansa ba tare da izini ba. Takardar da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce cewa an yi ciniki, tana da amfani, amma ba ita ce izinin mallaka ba. Kuma in gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, gini ko shuka ko itatuwa. Wanda ya sayi fegin awon igiya ya bar shi fili, hanya ta bi ta kai, shi ke kwana ciki.

3. Ku bi ruwa da ƙafa, cikin damina

Wanga mataki shi ne mutane ke tsallakewa kuma shi ne ya fi kowane muhimmanci a wurina. Yawancin awon fili da rani ake yinsa, lokacin ko'ina ya bushe ƙayau, kwari da tudu duk kamanninsu ɗaya. Mai saye ya zo watan Maris ya ga fili shimfiɗe ya biya, watan Agusta ya iske tabki a inda zai sa ɗakin uwargida.

Ku jira ruwa mai ƙarfi na Agusta, da safe bayan an ɗauke ku fita, ku tafi da tsofaffin manoma biyu ko uku waɗanda sunka yi shekaru suna noman wurin. Ku ɗauki fenti ja, turaku, da waya mai nuna taswira. Ku bi inda ruwa ya bi. Za ku ga alama ba sai an gaya maku ba: yayi da leda da karan dawa da ruwa ya rataye a jikin geza ko gindin icce, wannan tsayin shi ne inda ruwa ya kai daren jiya. Inda rairayi ya kwanta sabo fari, hanyar ruwa ce. Inda ƙasa ta yi baƙi tana danƙo kuma ta tsattsage da rani, laka ce, tana riƙe ruwa kuma tana fasa gini. Duk inda kunka ga haka ku kafa turke ku shafa fenti, yaron da ke riƙe da waya ya ɗauki hoto ya ajiye lambar wurin.

Sannan ku tambayi tsofaffin, baba, shekarar da ruwa ya fi yawa ina ya tsaya? Mutanen da ke gefen gulbin Rima ba su manta 2010 ba, shekarar da ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Inda ruwan irin wannan shekara ya kai, nan ne iyakarku, ba inda na bara ya tsaya ba. Ruwa yakan yi shekara goma bai zo ba mutane su saki jiki, ran da ya tashi dawowa tsohuwar hanyarsa yake nema.

Gargaɗi: fadama ba wurin gida ba ce ko da mai ita ya matsa. Ban da haɗarin ruwa, ita ke ciyar da gari da rani, albasa da shinkafa da tumatir da tattasai duk daga nan suke. Haka tsofaffin ramukan da anka ɗebi ƙasar gini, kar a yi saurin cike su da shara a sayar, su ke shanye ruwan unguwa, in kun toshe su ruwan gidajen mutane zai shiga. Kuma ku tuna gona tana shan ruwa amma kwano da siminti ba su sha, wurin da yau ruwa ke wucewa kaɗan-kaɗan in an rufe shi da gidaje ɗari biyu ruwan da zai gangaro ya ninka.

4. Ku ƙiyasta gida nawa ake buƙata

Ba sai kun jira ƙidaya ba, rabon da a yi ta tun 2006. Ku ƙirga da kanku. A Google Earth na kwamfuta akwai inda ake komawa hotunan shekarun baya, ku buɗe hoton garin na shekara biyar da ta wuce ku gwada da na yanzu, ku ƙirga sababbin rufin kwano. In babu mai iya wannan, kowane mai unguwa ya zagaya ya ƙirgo gidajen da anka gina a shekara biyar. Ku raba biyar, kun samu na shekara guda.

Ga misalin lissafi. Fegi mai ƙafa 50 da 100 ya kai kusan murabba'in mita 465. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce, in an yanka ta tas babu hanya za ta ba da fegi 21. In an cire kashi 30 cikin ɗari na hanya da filin jama'a, saura fegi 15. To a ce garinku na ƙara gida 60 duk shekara, shekara goma gida 600 ke nan, raba 15, kuna buƙatar hekta 40. Yanzu kun san girman abin da kuke magana a kai. Ku ƙara wani abu a sama in garinku na karɓar 'yan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga gabashin jiha, ko in akwai makaranta ko kasuwa ko babbar hanya da ke jawo mutane.

Daga nan sai ku zaɓi gefen da gari zai nufa, tudu mai jigawa inda ruwa ke tsanewa, kusa da hanyar da ke akwai. Gari ya cika gefe guda kafin ya tsallaka wani, ya fi a ce gida uku can, biyar can, kowa na kukan ba wuta ba ruwa.

5. Ku ware inda ba a taɓawa

Kafin a zana fegi ko guda, a fitar da waɗannan a taswira a shafa masu ja.

Ƙarƙashin wayar wuta, gwargwadon ƙarfin wutar da take ɗauka: layin 11kV da 33kV ana barin mita 11 gaba ɗaya, wato biyar da rabi kowane gefe. Na 132kV mita 30, sha biyar kowane gefe. Babban na 330kV mita 50. Gefen titin gwamnatin tarayya, irin na Sakkwato zuwa Illela ko zuwa Gusau ko wanda ya bi ta Tambuwal zuwa Jega, mita 45.72 ne daga tsakiyar titi kowane gefe, ƙafa 150 ke nan. Na san mutane na son bakin titi saboda shago, amma duk wanda ya shiga cikin wanga awo ya sani a kan aro yake zaune.

Sai burtali da mashaya. Don Allah kar a raina wannan. Burtalin da ya ratsa bakin gari in anka gine shi shanu ba za su daina zuwa ruwa ba, gona za su bi, daga nan rigima ta tashi, kuma mun ga inda irin wagga rigima ke kai mutane. Shi ya sa na ce a sa Ardo cikin kwamiti, shi zai nuna inda burtalin ya bi tun kakanni. Sai makabarta da filin da za ta faɗaɗa nan gaba, filin idi, da gefen kowane kwari da kunka yi wa fenti a mataki na uku.

6. Zama da masu gonaki

Nan aikin yake. Taswira abu ne mai sauƙi, shawo kan mutum ya bar fegi shida cikin ashirin da ɗaya shi ne wuya, kuma kar ku ga laifinsa, gonar ubansa ce, wataƙila ita ce kaɗai abin da zai aurar da ɗiya ko ya biya kuɗin makaranta da ita.

Hanyar da ta fi adalci ita ce a haɗa gonakin yankin gaba ɗaya a lissafi, a auna ta kowa a rubuta, sannan kowa ya ba da kashi daidai da na ɗan uwansa. In 30 cikin ɗari ne, mai hekta guda da mai hekta biyar duk 30 cikin ɗari. Bayan an zana, kowa a mayar masa da fegi gwargwadon abin da ya rage masa, kusa da inda gonarsa take in zai yiwu. Ta haka wanda makaranta ta faɗo tsakiyar gonarsa bai yi asara shi kaɗai ba, wanda kuma babu abin da ya faɗo tasa bai ci bulus ba. In kun bar kowa ya yanka tasa shi kaɗai, hanyar wannan za ta zo ta ci karo da bangon wancan, kuma babu wanda zai yarda makaranta ta zauna a nasa.

Yadda ake faɗa masu ma yana da tasiri. Kar a tara su a karanta masu doka. A fara bin manyansu gida ɗaya bayan ɗaya, a nemi hakimi ya yi magana da bakinsa, ranka shi daɗe in kai ka fara ba da taka gonar sauran ba za su ƙi ba. Kuma a nuna masu lissafi a fili, fegin da mota ke isa ƙofarsa, mai lamba mai takarda, ba kuɗinsa ɗaya da wanda ke cikin lungu ba. A kai su su ga unguwar awon gwamnati da ta awon igiya a cikin Sakkwato su tambayi dillalai farashi da kansu.

Gargaɗi: gonar gado da ba a raba ba kar a taɓa ta sai an raba, gaban alƙali ko malamin da magada duka sunka yarda da shi, a rubuce. A tabbatar mata da marayu da wanda ke ci-rani an san da su. Babban wa ya sa hannu a madadin kowa, bayan shekara biyar ƙanwa ta kai ƙara kotu, unguwa guda ta shiga shari'a. Haka gonar jingina da ta aro, a nemo mai ita na asali.

7. Ɗauko safiyo da mai tsara gari

Mutum biyu ne daban, mutane na haɗa su. Safiyo shi ke auna ƙasa ya fitar da iyaka da tudu da gangare. Mai tsara gari shi ke zana inda hanya da fegi da makaranta za su zauna. Safiyo ya zama mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa safiyo rajista, mai tsara gari da TOPREC, hukumar da ke yi wa masu tsara gari rajista, ku nemi lambar rajista ku ga hatimi. Yaron safiyo da ya ari na'ura ya zo da araha, aikinsa ba zai shiga ofis ba, sai kun sake biya.

Abin da za ku tsaya a kai lokacin zane, ga shawarata. Babbar hanyar da ta ratsa unguwa ta haɗe da titi kar ta gaza mita 18 zuwa 20, don nan gaba ita za ta ɗauki kwalta da magudana biyu da turakun wuta. Hanyoyin cikin layi kar su gaza mita 10 zuwa 12. Na san za a ce ya yi yawa, to ku cire magudana hagu da dama, ku cire turken wuta, ku cire dakalin da ba makawa sai wani ya yi, ku ga abin da ya rage wa mota biyu. Duk wanda ya taɓa ganin an ɗauko mai naƙuda a kan tabarma mutum huɗu na riƙe da ita saboda mota ta kasa shiga lungu, ko an karkata makara don a sha kwana, ba zai yi gardamar mita biyu ba. Kar layi ya yi tsawo babu mararraba, kuma kar a bar hanya ta mutu a bangon wani, kowace ta ɓulle, har a bar bakinta buɗe ta gefen gonakin da ba a kai gare su ba tukuna don unguwar gobe ta samu inda za ta haɗe.

Fegi kar ya zama girma guda. A sa 50 da 100, a sa 50 da 50 don mai ƙaramin ƙarfi, a sa manya kaɗan. In babu ƙanana a zane, mutane da kansu za su tsaga manyan su fitar da lungu. A ware filin firamare da islamiyya, ƙaramin asibiti, masallacin Juma'a, 'yar kasuwa, wurin tiransifoma, wurin bohol da tanki, wurin zuba shara, da fili ko guda na yara. Masu injin niƙa, masu buga bulo, walda da gidan mai da masu sayar da gas a ba su gefen babbar hanya, nesa da tsakiyar gidaje.

Maganar kuɗi: manyan abubuwan da za ku biya su ne awon safiyo wanda yawanci da hekta ake lissafa shi, zanen mai tsara gari, kuɗin hukuma, simintin bikon, wato alamar da ake kafawa a kusurwar fegi, da lebura, hayar gireda da man da za ta sha, sai kwalbati inda hanya ta tsallaka ruwa, wanda sau da yawa shi ke fin sauran ci. Ku karɓi farashi a rubuce daga mutum uku kafin ku zaɓa, ku biya kashi-kashi gwargwadon aikin da anka gama. In babu kuɗi a hannu, a ware fegi kaɗan da sunan aikin tun a zane, a sayar da su a bainar jama'a a zuba kuɗin a asusun banki mai sa hannun mutum uku.

Gargaɗi: biyan ma'aikaci da fegi maimakon kuɗi ya fi kowane abu lalata zane, don daga ranar ya zama mai son fegi ya yi yawa. In dole ne, a rubuta lambar fegin da zai ɗauka bayan an amince da zane, ba kafin ba.

8. Kai zane a amince da shi

Ku kai ta hannun ƙaramar hukuma zuwa hukumar tsara birane ta jiha da ma'aikatar filaye. Ku haɗa da taswirar safiyo, zanen unguwa, yarjejeniyar masu gonaki da sa hannunsu, da wasiƙar uban ƙasa. Za su iya cewa a gyara wani wuri, a gyara. Duk kuɗin da za a biya a biya ta banki a karɓi rasit, a manna kwafinsa a littafi. Kafin a kai, a kafe zanen a ƙofar fada ko sakatariya na sati biyu kowa ya gani, mai ƙorafi ya kawo tun takarda ce.

Gargaɗi: kar a sayar da fegi ko guda da sunan ai an kusa sa hannu. In hukuma ta matsar da hanya mita biyar, fegin da kunka sayar ya koma tsakiyar titi.

9. Kafa bikon, buɗe hanya

Da an amince, safiyo ya dawo ya kafa bikon na siminti mai lamba a kusurwar kowane fegi, a binne shi sosai kansa kaɗai ya fito, don wanda anka ɗora sama-sama garmar shanu na tumɓuke shi damina guda. Nan take a sa gireda ta buɗe hanyoyin ko ba za a zuba tsakuwa ba, ido ya ga cewa nan hanya ce. Hanyar da ke takarda kaɗai manomi zai shuke ta, mai gini ya ci rabinta. A bi gefenta a dasa dogon yaro a kewaye da ƙaya saboda awaki, shi ne shaidar da ba a matsarwa cikin dare, ga inuwa, kuma wanda ya san zafin Afrilu a ƙasar nan ba sai an roƙe shi ba.

Filayen jama'a su ne ke fara ɓacewa, don ba su da mai kuka. A kafa masu allon ƙarfe, a dasa itatuwa kewaye, a yi masu takarda da sunan abin da anka ware su dominsa. Na masallaci da makabarta da islamiyya a rubuta su wakafi gaban shaidu, a sanar da hukumar zakka da wakafi ta jiha, a faɗa a masallacin Juma'a kowa ya ji. Mutumin da ba ya jin tsoron kwamiti yakan ji tsoron cin wakafi.

Kar a buɗe hekta 40 rana guda. A soma da kashin da ke manne da gari, sai ya cika fiye da rabi a buɗe na gaba, sauran a ci gaba da nomansu.

10. Sayarwa da rajista

Kowane fegi da lambarsa, littafi guda, shafi guda ga kowane fegi: mai shi na farko, wanda ya saya, kwanan wata, shaidu. Kwafi uku, na fada, na ƙaramar hukuma, na kwamiti, a kuma ɗauki hoton kowane shafi a waya. Wannan shi ke kashe sayar da fegi guda ga mutum biyu. Mai saye a ba shi kwafin zanen da lambar fegin nasa, a kai shi ya taka bikon huɗu da ƙafarsa, sannan a ƙarfafa masa ya nemi takardarsa ta gwamnati ta izinin mallaka, wato C of O, na gidan zama yawanci shekara 99 ake ba shi. Wanda zai sake sayarwa ya dawo littafi a canza suna, kuma ya nemi amincewar hukuma kamar yadda doka ta ce.

11. Tsaro lokacin gini

Ɓarna ba da rana guda take zuwa ba, ƙafa biyu-biyu ce. Wannan ya fito da katanga kaɗan, na kusa da shi ya ce ai ga wane, na uku ya haƙa shadda a waje, na huɗu ya yi shago a kan magudana. Dokar kwamiti ta zama ba mai haƙa tushe sai mutum biyu sun zo sun ja igiya daga bikon zuwa bikon sun gani, kuma ya nemi izinin gini daga hukuma. Magini ma a kira su a gaya masu, don su ke riƙe da igiyar. Shadda da ramin ruwan wanka cikin gida, ba a hanya ba, kuma tsakanin shadda da rijiya ko bohol a bar aƙalla mita 30, har da na maƙwabci, wanda a ƙananan fegi yana nufin gara a yi bohol guda na unguwa a filin da anka ware da kowa ya haƙa tasa rijiyar.

Gargaɗi: a tsayar da mutum tun yana tushe, bulo uku ake cirewa a wuce wurin. In ya kai linta ya zama shari'a. Kuma na farkon da zai karya doka galibi mai ƙarfi ne ko ɗan gidan sarauta, in an ƙyale shi an gama, babu bakin da za a yi wa talaka magana. Kwamiti ba ya rusa gini da hannunsa, rubutawa yake ya kai wa hukuma.

12. Unguwar da ta riga ta ginu

Masu tambaya da yawa nasu ya riga ya cakuɗe, to ba a rasa abin yi. Ku fara da fegin da ba a gina ba tukuna, ku ƙirga su, ku ga waɗanne ne in an saye su ko an musanya wa masu su da wani a sabon awo za su buɗe hanya ko su zama makaranta. Ku zaɓi hanya guda ko biyu da za su ratsa unguwar har mota ta shiga ta fita, a yi yarjejeniya a rubuce cewa duk wanda katangarsa ta faɗi ko zai sake gini a kan wannan layi zai ja baya zuwa inda anka sa alama. Gidajen ƙasa da yawa dama duk 'yan shekaru sai an taɓa su, a hankali layin zai miƙe. Mafitar ruwa kuwa ba ta jira, a bi ta tun daga sama har inda take zubewa kafin watan Yuni, inda gini ya toshe ta a zauna da mai shi da hakimi a nemi inda za a fasa a sa kwalbati, in ya zama dole ya tashi a ba shi fegi cikin waɗanda kwamiti ya ware a sabuwar unguwa.